Gidan Haya Ma Baki Gare Shi

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

   

Yau zancen gidan haya za mu yi. Kullum kukan ɗan haya ake ji, kuma yana da gaskiyarsa, wata rana za mu ba shi filinsa. Amma yau ta ƙofar mai gida za mu shiga, mutumin da ya tara 'yan kuɗinsa ya zuba a bulo da siminti yana sa ran ya ci moriyarsu har tsufa.

Bari in fara da kawuna, yayan mahaifiyata. Shekara 35 ya yi yana aikin gwamnati. Da aka ba shi garatuti bai yi wata-wata ba, ya sayi fili can bayan Rijiyar Zaki a Kano, ya gina ciki da falo guda shida, uku na kallon uku, kowanne da banɗakinsa. Ranar da aka gama fenti ya aiko aka kira ni. Na same shi tsaye a tsakar gidan ya riƙe ƙugu, hula a ƙeya. Ya ce, "Ɗana, na huta. Ƙasa ba ta ruɓewa. Daga yau sai dai in shimfiɗa tabarma a ƙofar gida kuɗi su zo su same ni."

Rabin maganarsa gaskiya ce. Ƙasa ba ta ruɓewa. To abin da aka ɗora a kanta fa? Kwano yana tsatsa, gara tana cin katako, danshi yana cin gindin bango, sokawe yana cika, kan famfo yana tsiyaya. Fili ajiya ne, ka binne kuɗi ka yi tafiyarka. Gini kuwa kiwo ne. Baki gare shi kamar saniya, kuma wanda bai zuba mata dusa da harawa da yamma ba, kada ya zo da ƙwarya da safe.

A damina ta biyu, ƙusa ɗaya ta ɗaga a rufin ɗakin tsakiya. Ƙusa ɗaya tak. Ɗan hayan, wani malamin makaranta mai kawaici, ya zo ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ɗakin nan fa yana ɗan ɗiga." Kawu ya ce, "Malam, a yi haƙuri damina ta wuce, yanzu kafinta ba zai hau kwano jiƙe ba." Matar malamin ta ajiye roba a wurin. Damina ta wuce, ɗigo ya tsaya, kowa ya manta. Da ruwa ya dawo aka mayar da roba, daga baya roba ta koma bokiti. Na shiga ɗakin nan da kaina a damina ta huɗu. Silin ya yi baƙi, ya kumbura ya sauko kamar cikin mai ciki, ɗakin na warin jiƙaƙƙen kwali, an ja gado zuwa kusurwa. Cikin watan Agusta, da tsakar dare, silin ya rufto. Allah ya kiyaye, yaran a falo suka kwana ranar. Da kafinta ya hau ya tarar katako uku sun ruɓe, wayar wuta tana kwance cikin ruwa. Aikin da faci da ƙusa biyu za su yi maganinsa, sai da ya lashe hayar ɗakin ta shekara guda. Malamin kuma ya tattara iyalinsa ya bar gidan, shi da bai taɓa jinkirta haya ko da kwana ɗaya ba.

Wannan rashi na biyu shi ya fi, za mu dawo kansa. Amma tukuna, mai sauraro, in akwai biro da takarda kusa, jawo su mu yi lissafi. Misali ne kawai, kowa ya sa lambobin unguwarsa.

Mu ƙaddara fili da gini sun ci maka naira miliyan 30. Ciki da falo shida, kowanne naira 250,000 a shekara. Ka ce miliyan ɗaya da rabi ke nan, ko? Haka mai gida ke lissafi ranar da yake zumuɗin gini. To ga yadda shekara ke tafiya a zahiri. Ɗaki ɗaya ya yi wata shida a rufe kafin a sami mai shiga, 125,000 ta tafi. Wani ɗan hayan ya biya rabi ya ce sauran sai an yi albashi, har yau ba a yi ba, wata 125,000 ke nan. Abin da ya shigo hannu 1,250,000. In kana da wakili mai karɓa maka, a ce kun yi da shi a kan kashi goma cikin ɗari, cire 125,000. Kwashe sokawe, gyaran injin rijiya, fentin ɗakin da aka tashi, facin kwano, mu ce 300,000. Kuɗin ƙasa da ɗan abin da hukuma ke karɓa, 25,000. Me ya rage? Naira 800,000. A kan miliyan 30, bai kai naira uku a cikin kowace ɗari ba. In da haya kaɗai za ka jira, sai ka shekara 37 da ɗoriya kafin kuɗinka su dawo.

Ka ajiye wannan a gefe, ka tuna cewa hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Wata guda kafin nan, Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, bankunan kasuwa kuma su ɗora nasu a kai. Saboda haka duk wanda ya ce maka ka ci bashin banki ka gina gidan haya, hayar za ta biya bashin, ka ce masa Allah ya ba da sa'a. Ko ba a taɓo hukuncin riba a addini ba, lissafin ma bai fita ba.

To me ya sa masu hankali ke gina gidan haya? Saboda riba biyu ce a ciki, kuma babbar ba ta zuwa a rasit. Filin da ke ƙarƙashin gidan shi ke tashi. Wanda ya sayi fuloti a Hotoro ko Naibawa ko Ɗorayi lokacin da wurin gonaki ne, ya san abin da nake faɗa. Hayar kuwa aikinta ta ciyar da ginin, ta tsare shi kada ya koma kango, ta bar maka ɗan na cefane. Wanda ya ɗauki kuɗin haya duka riba ne, ya cinye su ranar da suka shigo, ba riba yake ci ba, gidan yake ci, ɗaki-ɗaki, bai sani ba.

Kuma tun da mun taɓo fili, a duba takarda. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, filayen birni suna hannun gwamnan jiha ne a matsayin amana, abin da kake riƙe da shi haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99. A Kano akwai KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, su ke riƙe da bayanan filaye. Kafin ka zuba miliyoyi a filin awon igiya, ka san a kan me kake gini. Gidan da aka gina a kan hanyar ruwa ko a bakin titin da za a faɗaɗa, ko hayarsa ta kai nawa, kwanansa ƙidayayye ne.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Sana'ar saukar da baƙo ba yau Bahaushe ya fara ta ba. Fagge a Kano masaukin fatake ce tun da daɗewa. Duk inda ayari ya yada zango, daga Salaga zuwa Kumasi, akwai mai gida da ke sauke baƙi, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu saye. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 kan yadda masu gidajen Hausawa na can ke tafiyar da cinikin shanu da goro. Abin da ya gani shi ne, mai gida ba ɗakuna kawai yake da su ba. Shi ke tsaya wa baƙonsa idan an ɗauki shanu bashi, don ya san wane mahauci ke biya, wane ne ba ya biya. Jarinsa na gaskiya sanin mutane ne. Ɗakunan bayan haka suke.

Yau mun juya abin. Mai gida ya san kuɗin kowane buhun siminti da ya shiga gininsa, amma bai san wanda ya ba makulli ba. Dillali ya kawo mutum da magariba, kuɗin shekara a aljihu, an ƙirga, an ba da makulli, shi ke nan. Ba na zagin dillalai, a cikinsu akwai masu amana da sun fi wasu masu gidan. Amma ka gane inda la'adarsa take. Dillali yana samu ne ranar da aka shiga, kai kuwa kana samu ne a shekarun da aka zauna. Shi sauri yake so, kai natsuwa.

Kuɗin shekarar farko ba ya nuna komai. Kowa na iya haɗa shi, ko da bashi, ko da sayar da gadon mata. Shekara ta biyu ita ce jarrabawa. Don haka ka tambaya: me yake yi, ina yake yi, su nawa ne za su zauna, daga wane gida ya taso, me ya tashe shi? Ka taka da ƙafarka ka je tsohuwar unguwarsa. Mai shagon bakin layi da mai shayi da ladanin masallaci, cikin minti goma za su ba ka labarin da ba ya cikin kowace takarda. A sami mutum ɗaya sananne da zai tsaya masa, a kuma sanar da mai unguwa cewa baƙo ya shigo. A wannan zamani na rashin tsaro, wannan ba ƙaƙale ba ne.

Sai dai ina da ƙorafi a nan kan 'yan'uwana masu gidaje. Bincike daban, wulaƙanci daban. Bazawara ta zo da marayunta uku, tana da sana'arta, ɗan'uwanta ya tsaya mata, a ce ba a ba mace marar miji haya. A kawo wani mai babbar riga da turare a ba shi, wata shida a gane ba a san abin da yake shigowa da shi da dare ba. Hali ake dubawa da hanyar samu. In da riga ce ke biyan haya, da ba a cika kotu da ƙararraki ba.

Yanzu ga inda kawuna ya fi shan wuya. Ɗakin ƙarshe, na kusa da rijiya, ɗan ƙaninsa ya ba. Yaron ya yi aure, ya zo ya ce, "Baba, kafin in sami wuri." Ba a faɗi nawa ba, ba a faɗi yaushe ba. Na ce, "Kawu, ko 'yar takarda a rubuta mana." Ya harare ni ya ce, "Da ɗana zan yi takarda? Kai boko ya ɓata ka."

Jama'a, kunya ado ce, amma ta rushe gidaje da yawa kuma ta raba zumunci da yawa. In kyauta ka ba ɗan'uwa, ka ce kyauta ce, ka sami ladanka cikakke, ka cire ɗakin daga lissafi. In haya ce, a faɗi kuɗi a faɗi rana. Abin da ke kashe zumunci shi ne na tsakiya, shi yana ganin kyauta ce, kai kana ganin bashi ne, kuna gaisawa a wurin suna kowa da abin da ke ransa. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, can ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ashe takarda ba boko ya kawo ta ba.

Me za a rubuta? Ba sai an cika shafi goma da Turancin lauyoyi ba, ko da yake in gidan babba ne ko shaguna ne, kuɗin lauya ba asara ba ne. Ko da Hausa, ko da ajami, a rubuta sunan mai gida da na ɗan haya, wane ɗaki, nawa ne, daga wace rana zuwa wace rana. Sannan a zauna a kan abubuwan da ke haddasa faɗa, don ba kuɗin haya ne ya fi kawo rigima ba. Wa zai kwashe sokawe? Injin rijiya in ya ƙone, wa zai gyara? Wa ke biyan mai shara da mai gadi? An yarda a fasa bango a sa na'urar sanyaya ɗaki? An yarda a mayar da zaure shago, ko a kawo injin markaɗe, ko a ɗaure tumaki a tsakar gida? Ɗan haya zai iya saka wani a ɗakin ya karɓi kuɗi? Abin da aka fi tafiya a kai shi ne, ƙashin gini na mai gida ne, wato rufi da bango da sokawe da babbar wayar wuta. Abin da hannu ke taɓawa kullum, ƙwan fitila, kan famfo, makullin ƙofa, gilashin da yaro ya fasa, na ɗan haya ne. In ɗan haya ya yi gyara da kuɗinsa yana so a cire a haya, to da izini tun kafin a fara, kuma da rasit. Ranar shiga ku zaga ɗakin tare, a ɗauki hoto da waya. Tun ran gini tun ran zane.

Kowane biya kuma a ba da rasit, ko ta banki aka turo. Wannan ma yanzu ya ƙara nauyi, domin sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, wadda aka tsara ta fara aiki a Janairun 2026, ta ba ɗan haya damar a cire masa kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara daga kuɗin da za a yi masa haraji a kai, iyaka naira 500,000. Ma'aikaci mai albashi zai nemi shaidar biya, kada ka ga kamar rashin yarda ce.

Sai wuta. Kai, wuta! In ka ji hayaniya a gidan haya da sassafe, kafin ka tambaya ka ce kuɗin wuta ne. Mita ɗaya, gida shida. Wannan tana da firiza tana sayar da ƙanƙara, wancan fitila biyu gare shi da fanka, a ce a raba daidai. Ina adalci? A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta kai kuɗin wuta na rukunin A naira 225 a kowane ma'auni, daga ƙasa da naira 70. Tun daga nan raba daidai ya zama abin da ba ya yiwuwa a unguwannin da abin ya shafa. Shawarata, kowane ɗaki da mitarsa mai kati. In hakan bai samu ba, a sa ƙananan mitoci na cikin gida da ke nuna abin da kowa ya sha. Da tsada, na sani. Amma kawu ya taɓa gadon bashin wuta na wata goma sha huɗu, wani ɗan haya ne ke karɓar kuɗin kowa yana cewa ya biya, ashe aljihu yake zubawa. Ranar da ma'aikatan wuta suka jingina tsani, shi ya riga ya kwana uku da barin gari. Bashin kuwa ba ya bin mutum a mota. A gidan ake zuwa nemansa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Kada a ce duk danginmu haka suke, bari in ba ku labarin gwaggona. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗakuna huɗu a wani lungu na Gwammaja, tsohon gini, ba wani abin kallo ba. Ba ta yi boko ba, amma tana da littafi irin na 'yan makaranta mai shafi sittin, jikarta ke rubuta mata. Kowane ɗaki da shafinsa. Duk kuɗin da ya shigo, kafin ta taɓa ko kwabo, sai ta cire kashi ɗaya cikin biyar ta kai wani asusu daban. Tana ce masa "abincin gida". Ko biki ya taso, ko rashin lafiya, in ka ce ta taɓa sai ta ce, "Ɗan nan, wannan ba nawa ba ne."

Duk shekara, da zafin bazara ya tsananta kafin ruwan farko, sai ta kira kafinta. Tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno a tsakar gida, ta ɗaga kai, hannu a goshi tana kare rana, shi yana bin kwano ƙusa-ƙusa. Sai a share indararo, a yashe kwata, a duba gindin katanga inda ruwa ke kwanciya. Sannan ta bi ɗakuna tana sallama. "'Yar nan, ba abin da ke ɗiga? Famfon ya daina kuka?" Wuni ɗaya ne a shekara. Akwai wanda ya shekara goma sha ɗaya a gidanta, a nan ya haifi 'ya'yansa duka, kuma da an ce ɗaki zai tashi, kafin dillali ya ji labari 'yan hayan sun kawo nasu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ita dai ba ta jira a tuna mata.

Ita ce ta koya mini hikimar ƙarin haya. Dole a ƙara, wanda bai ƙara ba a wannan tsadar, gidansa ne zai biya. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, mai gida kuma daga haya zai sayi simintin gyara. Amma ƙari kaɗan-kaɗan, da sanarwa wata uku ko fiye kafin shekara ta cika, ya fi a yi shiru shekara huɗu sannan rana ɗaya a ninka. Kuma ka yi lissafi kafin ka kori mutumin kirki a kan naira 50,000. Ɗakin zai yi wata biyu ko uku a rufe, za ka yi fenti, za ka gyara abin da ya lalace, sannan wanda zai shigo ba ka san shi ba. Ɗan hayan da ke biya a kan lokaci, yana share kwata ba a sa shi ba, yana kiran ka tun ɗigo yana ɗigo, shi kansa wani ɓangare ne na jarinka. Abin da kawu ya rasa ke nan ranar da malamin nan ya tafi.

To idan an yi rashin sa'a fa, mutum ya ƙi biya ya ƙi tashi? A nan ne zuciya ke ɗebo mai gida. Mun sha gani: a cire ƙofa, a yaye kwano, a yanke ruwa, a turo matasa su watso kaya waje. Mai gida, kada ka fara. Ka shiga da gaskiyarka ka fito da laifi. Gidanka ne, amma doka ba ta yarda ka fitar da mutum da hannunka ba. Fara da wanda ya tsaya masa, sannan mai unguwa da dattawan layi. Rigima da yawa a zaure take mutuwa, wani lokaci yafe wata biyu a ba ka makulli ya fi shekara guda kana zaryar kotu. In sulhu ya ƙi, sai notis a rubuce. Kowace jiha da dokarta, amma tsarin ya yi kama. A dokar da ke aiki a Abuja, in yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai biya wata-wata notis ɗin wata guda ake ba shi, mai biya shekara-shekara wata shida. In wa'adin ya cika bai fita ba, a ƙara masa takardar kwana bakwai cewa za a nemi kotu ta karɓi gidan. Sannan alƙali ya yi hukunci, ma'aikatan kotu su zartar. Kuskuren kwana ɗaya a lissafin notis na iya mayar da kai farko, shi ya sa a nan kam lauya ya fi ɗan'uwa mai zafin kai amfani.

Legas ma ta wuce nan. Dokarta ta haya ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma tanadi tarar da za ta iya kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya fitar da ɗan haya da ƙarfi. 'Yan'uwanmu masu gidaje a Agege da Idi Araba, a kula.

Saura 'yan abubuwa, in bi su da sauri don agogo na harara ta. In kana nesa, ko gidajen sun yi yawa, ka sa wakili, amma kuɗi su riƙa shiga asusunka kai tsaye, ka kuma riƙa zuwa ba sanarwa. Akwai ƙwararrun masu kula da kadarori da ƙungiyarsu ta ƙasa tun 1969, da hukumar da ke yi musu rajista tun 1975. In dukiyar ta kai, su ya kamata a nema. Gobara da ambaliya ba sa sallama, wanda ya ga Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau ya sani, kuma yanzu akwai inshorar takaful ga mai gudun shubuha. Zakka kuwa, abin da malamai suka tafi a kai shi ne, gidan da aka ajiye don haya ba a fitar da zakka a kan ƙimarsa, sai a kan kuɗin hayar in sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kansu, ɗaya cikin arba'in. A fiƙihun Malikiyya mutuwar ɗan haya ba ta warware haya, saboda haka ba a cewa matar mamaci ta fita alhali da sauran wa'adin da aka biya. Gidan gado kuma, magada su zaɓi mutum ɗaya mai karɓa da littafi ɗaya. In kowa na zuwa karɓar rabonsa a bakin ƙofa, ba mai zuwa ranar da sokawe ya fashe.

Wani zai tambaya, ina labarin kawu? Yana nan da ransa, da lafiyarsa. Ya sayi littafi, kuma bana tun kafin ruwan farko na ji shi a waya yana faɗa da kafinta a kan kuɗin hawa kwano. Ɗakuna biyar suna tafiya daidai. Na shida kuwa, na kusa da rijiya, ɗan ƙanin nan nasa yana ciki har yanzu, 'ya'yansa uku. Da sallar da ta wuce ya zo gaisuwa, ya durƙusa har ƙasa, ya ce, "Baba, dama cewa na yi ko za a ɗan sa mana tayil a falon."

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)